Zuwa ga Abba, kan maganar da ta iso mini

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya sanyin Ingila?

Abba, Yayarka ta faɗa mini kana gwada manhajar bincikenka a kan layin intanet na sashenku da dare, wai malamin da ke duba aikinka ya ce maka ba komai, da baki kawai. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Malaminka ba shi ne mai layin ba. Dokar Ingila ta 1990 kan kutsawa kwamfutar wani ba ta duba kyawun niyyarka, hukuncinta yana iya kai ɗaurin shekara 2, kai kuma da biza kake zaune. Ka nemi takarda daga sashen da ke kula da kwamfutocin jami'a, da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, a rubuta adireshin IP (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a kan layi) da aka yarje maka, da ranaku, da awanni. Kafin ta zo hannunka, kada Nmap, manhajar nan ta leƙa na'urorin da ke kan layi, ya taɓa na'urar da ba taka ba. Ka san abin da ya sami Kawunka, ba sai na maimaita ba. Kuna cewa na cika tsanani, to ku ce. Gaggawar nan taka tun kana yaro nake fama da ita, yanzu kuma za ka jefa karatun digirin digirgir a rijiya saboda ka kasa jiran sa hannu?

In takardar ta fito, ka sa tcpdump, manhajar naɗar bayanan da ke bi ta layi, ya ɗauki kanun ƙunshi kawai, wato bayanin adireshi da ke gaban kowane ƙunshin bayanai. Kanun Ethernet da IPv4 da TCP, ƙa'idojin da bayanai ke bi a kan layi, gaba ɗaya bayit 54 ne in babu ƙari, abin da ya biyo bayan kanun sirrin mutane ne. Ka ɓadda adireshi kafin ka adana, ka rufe faifan da makullin sirri. Layin gigabit 1 in ya cika yana zubo kusan gigabayit 450 a awa, ka yi lissafin ma'aji. Kuma in ka kwafo shige da fice duka zuwa kafa ɗaya mai gigabit 1, na'urar da ke rarraba layin za ta riƙa zubar da ƙunshi shiru, sakamakonka ya karkace. Gwajin kai hari kuwa, a keɓantaccen layin ɗakin gwaji, ko ka fara da CIC-IDS2017, tarin bayanan layi da aka riga aka tanada don irin wannan gwaji.

Na san aikin da kake yi mai amfani ne, kuma ina alfahari da kai. Ban faɗa wa Mamanka ba, saboda hawan jininta. Ka je ofishin gobe, ka kira ni ranar Juma'a bayan masallaci in ji yadda kuka yi. Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Mahaifinka