Barka da Sallah, da maganar shukokin tsakar gida

Umma,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, an sauko Idi lafiya? Allah Ya karɓi layyarku, Ya maimaita mana. A gaishe min da Yaya da iyalinsa, da Inna, da auta. Mu nan Birmingham a filin Small Heath muka yi Idi, daga can na wuce aikin dare. Ko ƙamshin suya ban ji ba, sai hoton ragonku a waya.

Yaya ya ce an sallama gidanmu na Gwammaja. Ban ƙi ba, gado dole a raba shi. Amma Umma, don girman Allah kada a sa hannu a takarda sai an yi maganar shukoki. Malamai sun ce duk itacen da ke kafe a ƙasa gida yake bi, sai dai in mai sayarwa ya gindaya sharaɗi. Nan Ingila ma akwai takardar da ake cikewa, a rubuta abin da za a ɗauka a lambu. Don haka sai Yaya ya faɗi shukokin da za mu ɗauka a gaban dillali da shaidu, a rubuta. In an tona bayan ciniki, an ci haƙƙin mutum.

Mangwaron a bar shi, ya fi ƙarfin tonawa. A dai shuka ƙwallonsa biyu.

Lallen nan na bayan ɗakinki shi ke hana ni barci. Kullum a gindinsa Baba, Allah Ya jiƙansa, yake ajiye buta, ruwan alwalarsa ne ya raya shi. Da ganyensa aka yi min ƙunshin aure, ke kika daka da hannunki. A yanki rassa huɗu ko biyar masu kaurin yatsa, a kafa a bokitin fenti da aka huda gindinsa, a ajiye a inuwa. Rumman ma haka. Zogale kuwa ba shi da fushi, reshe kamu biyu a soka a ƙasa ya kama.

Ɗan lemun tsamin a ba shi ruwa da daddare, washegari a tone shi da yamma tare da ƙasarsa, a naɗe a jiƙaƙƙen buhu, a rage masa ganye. Tunda damina ta sauka, da wuya ya mutu.

Na turo wa auta kuɗin mai tono da na a-daidaita-sahu zuwa Rijiyar Zaki, inda za ki koma. A dasa lallen kusa da inda za ki riƙa alwala, Umma. In ya yi toho a turo min hoto.

'Yarki,
daga Birmingham