Wasiƙa daga Toronto zuwa Zariya

Toronto, Kanada

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Yaya makaranta da ɗalibai? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa. Oktoba ke nan, ganyen itatuwa duk ya rine, wani ja wur, wani ruwan ɗorawa, kuma nan da 'yan makonni zai kakkaɓe ya bar rassa fayau.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa maimakon saƙon muryar da muka saba. Maganar da ka yi mini ce ranar da muka yi waya ta tsaya mini a rai, da ka ce ka tattara buroshi da fenti ka zuba a kwali ka tura ƙarƙashin gado, shekara shida ke nan ba ka zana komai ba in ba abin da kake yi wa yara a allon aji ba. Ban iya ce maka komai ba a lokacin. Na dai tuna zamanin da kake sashen zane a Jami'ar Ahmadu Bello, in zo ɗakin aikinku da yamma in zauna ina kallon hannunka har a kira magariba. Shi ya sa tun daga ranar nake ta zaga gidajen adana zane na ƙasar nan da kai a zuciyata, kuma ga abin da na gani.

Na fara da babban gidan zane na lardin Ontario da ke nan cikin Toronto. Akwai wani mutum Tom Thomson, wanda kusan duk ɗan makaranta a Kanada ya san sunansa. Abin da ya fara tsayar da ni ƙananan zanukansa ne da aka jera a bango. Kowanne a kan ɗan katako yake, bai kai girman allon ƙaramin almajiri ba. Dalili kuwa shi ne a kwale-kwale yake yawo cikin dajin Algonquin, arewa da Toronto, don haka sai abin da zai shiga ɗan akwatinsa. Yakan zauna a bakin tafki ya zana abin da ke gabansa kafin haske ya sauya. Na matsa kusa da ɗaya har mai gadi ya ɗago kai ya dube ni. Fentin ya yi tudu-tudu, kana ganin sawun gashin buroshi, kuma a wasu wuraren bai shafa komai ba, ya bar launin katakon ya zama wani ɓangare na zanen. Da na ja da baya taku uku sai ga ƙanƙara tana narkewa a gefen rafi. Irin waɗannan alluna ya bar kusan 400, manyan zanuka kuma kusan 50.

A cikin manyan, biyu ne suka fi suna. The West Wind, wato iskar yamma, yana nan Toronto: bishiya ce ta tsiro a kan duwatsu, iska ta lanƙwasa ta, bayanta ruwa yana tumbatsa da farin kumfa. Ɗayan, The Jack Pine, yana babban gidan zane na ƙasa a Ottawa, kuma na gan shi da na je can wani aiki. Wata bishiya ce rassanta sun sunkuyo, rana tana faɗuwa a bayan tsaunuka, sama da ruwa duk an yi su da gajerun shafe a kwance kamar jeren tubali. Ya fara shafe ƙyallen da jan fenti kafin ya ɗora sauran launuka, shi ya sa jan yake leƙowa ta tsakankani, zanen ya yi kamar akwai garwashi a ƙarƙashinsa. Wannan dabara kai za ka fi ni gane ta.

Mutumin nan, mutumina, zanen tallace-tallace yake yi a wani kamfani a Toronto. Bai taka dajin Algonquin ba sai 1912, kuma ranar 8 ga Yulin 1917 ya fita da kwale-kwalensa a tafkin Canoe bai dawo ba. An ga kwale-kwalen a kife, bayan kwana takwas aka tsinci gawarsa. Shekararsa 39. Duk wannan sunan, aikin shekara biyar ne. Na je wani ƙauye, Kleinburg, inda gidan zane na McMichael yake, na ga 'yar bukkar katakon da yake aiki a ciki lokacin sanyi, an ɗauko ta daga Toronto an kafa a can. Dala ɗaya yake biya a wata kuɗin haya. Ɗakin da kake cewa ya yi maka kaɗan ya fi ta kyau nesa ba kusa ba.

Bayan rasuwarsa abokansa bakwai suka haɗu a 1920 suka yi baje kolin farko da sunan Group of Seven, wato gungun mutum bakwai: Lawren Harris, J. E. H. MacDonald, A. Y. Jackson, Arthur Lismer, Frederick Varley, Franklin Carmichael da Frank Johnston. Abin da ya dame su shi ne a lokacin masu kuɗin Kanada zanen Turai suke saya, kuma ko ɗan ƙasa zai zana, sai ya mai da dajinsu kamar makiyayar Ingila ko Holan. Su kuwa suka ce ƙasarsu ta duwatsu ce da tafkuna da sanyi, haka za su zana ta. 'Yan jarida sun yi musu ba'a sosai da farko. Da nake karanta wannan sai na tuna labarin da kake ba ni na ɗaliban Zariya na 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, da suka ƙi yarda a koya musu kallon ƙasarsu da idon Bature kawai. Ciwo ɗaya ne, wuri ne ya bambanta.

Ga wani abu da zai ba ka sha'awa. Lawren Harris ɗan gidan masu kamfanin kayan noma ne na Massey-Harris, wanda daga baya ya zama Massey Ferguson, mai jar taraktar nan da muka taso muna gani a gonakinmu. Da dukiyar gidansu ya tallafa wa abokansa, har suka riƙa hayar taragon jirgin ƙasa a ajiye musu shi a dajin Algoma su kwana a ciki suna zane. Nasa zanen ya bambanta da na Thomson. A North Shore, Lake Superior na 1926 kututturen bishiya ɗaya ne tsaye, ba ganye ba reshe, haske yana sauko masa daga gajimare, komai sumul kamar an goge. A 2016 an sayar da wani zanensa na tsauni, Mountain Forms, a kan dalar Kanada sama da miliyan 11. Ni dai in gaya maka gaskiya, zanen Harris yana burge ni amma ba ya ɗumama mini zuciya. Na fi son allunan Thomson, inda kake ganin hanzarin hannun mutum.

Amma wadda ta sa na ɗauki biro ita ce Emily Carr. An haife ta a 1871 a Victoria, can gaɓar yamma. Ta yi karatu a Amurka da Ingila da Faransa, ta dawo da launuka masu ƙarfi, a 1912 kuma ta shiga ƙauyukan mutanen asali na gaɓar teku, wato waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar, tana zana dogayen ginshiƙan katako da suke sassaƙawa a ƙofar gidajensu. Da ta baje aikin a birnin Vancouver, mutanen garin ba su karɓa ba, ba ta samu masu saye ba. Sai ta koma Victoria ta buɗe gidan haya, tana fama da 'yan haya da share-share, tana kiwon karnuka tana sayarwa, tana gina tukwane don ta ci abinci. Kusan shekara 15 da ƙyar take taɓa buroshi. Ka ji fa, 15, ba shida ba. Sai a 1927 aka gayyace ta baje koli a Ottawa, ta bi ta Toronto ta haɗu da su Harris, suka karɓe ta a matsayin ɗaya daga cikinsu. Tana da shekara wajen 56 ta koma gida ta fara sabon aiki, kuma yawancin zanukan da aka san ta da su yau bayan wannan ta yi su.

Na tsaya gaban ɗaya a nan Toronto, na 1929. Wata 'yar farar majami'a ce, ƙarama ƙwarai, kurmi kore shar ya taso ta ko'ina kamar zai haɗiye ta, ga 'yan kaburbura a gefe. Harris da kansa ya saye shi ya rataye a gidansa. Ita ta sa masa suna The Indian Church, amma a 2018 gidan zanen ya sauya sunan zuwa Church at Yuquot Village, don a ambaci sunan ƙauyen, a kuma bar kalmar da mutanen asali ke jin zafinta. Wani kuma a littafi na gan shi, don yana Vancouver, tafiyar kusan awa biyar a jirgin sama. Sunansa Scorned as Timber, Beloved of the Sky, na 1935, ma'ana wadda masu katako suka raina amma sama take ƙauna. An sare daji ƙarƙaf, sai wata siririyar bishiya da aka bari saboda ba ta da amfani a wurinsu, ta miƙe zaƙaƙam da ɗan tuntun ganye a ka, haske yana kewaye ta. A shekarun nan kuɗin ƙyalle ya yi mata wuya, sai ta riƙa tsinka fentin da fetur tana zane a kan takarda mai araha. Da ka ce mini tsadar kaya ce ta hana ka, ita na tuna.

Akwai ƙorafin da ake yi a kan su Thomson da abokansa, kuma ina ganin yana da tushe. In ka bi zanukansu na daji, da wuya ka ga mutum, sai ka zaci ƙasar ba mai ita. Alhali kuwa mutanen Anishinaabe da wasu ƙabilu suna zaune a wurin tun kafin zuwan Turawa. Amsar wannan ta zo daga Norval Morrisseau, ɗan Anishinaabe, wanda ya taso a hannun kakansa yana jin labaran mutanensu. A 1962 ya yi baje kolinsa na farko a Toronto, aka saye komai. Yana zagaye kowace siffa da baƙin layi mai kauri, ya cika ciki da launuka masu haske, ya nuna cikin dabba da mutum kamar hoton asibiti, sannan ya ja layi ya haɗa su. Wasu dattawansu ba su ji daɗi ba, suna ganin ya fitar da abin da ba na kowa ba ne. Na ga Man Changing into Thunderbird na 1977, alluna shida a jere, mutum yana rikiɗa sannu a hankali zuwa tsuntsun tsawa na tatsuniyarsu. Ya rasu a 2007, kuma abin takaici, a 2023 'yan sanda suka kama mutum takwas da zargin ƙera zanukan jabu da sunansa, suka ƙwace sama da 1,000.

Akwai wasu da yawa, irin su Jean-Paul Riopelle na Montreal mai shafa fenti da wuƙa, da Alex Colville mai zanen baƙin doki yana sukuwa a kan layin dogo ya nufi jirgin ƙasa gaba da gaba. Sai kuma Maud Lewis ta Nova Scotia, wadda ciwon gaɓoɓi ya nannaɗe wa yatsu, take sayar da zanenta dala biyu zuwa biyar a bakin hanya. Ta zane ƙofa da taga da murhu da matakalar ɗan gidanta mai ɗaki ɗaya da furanni da tsuntsaye, yanzu gidan sukutum yana cikin gidan zane na Halifax. Waɗannan sai mun haɗu.

Na san akwai abin da ba ka faɗa ba a waya, amma ka taɓa gaya mini tun muna Samaru: zuciyarka ba ta kwanta da zana abu mai rai ba. Ban raina wannan ba ko kaɗan, kuma ba zan ce ka take abin da zuciyarka ta ƙi ba. Abin da nake so ka duba shi ne, mutanen nan da itace da dutse da ruwa suka yi kusan duk aikinsu. Kai kuma kana da abin da zai hana ka faɗawa kuskurensu, domin ƙasarmu ko ba ka zana mutum ba sawunsa yana ko'ina: kunyoyin gona bayan girbi, rumbu a bayan danga, hayaƙin girki da yamma, burtalin da shanu suka bi. Wa ya zana dutsen Kufena cikin hazon hunturu, lokacin da rana ke zama kamar farin faifai? Wa ya zauna ƙarƙashin rimayen birni ya zana su kafin a gama sare su? Ina tuna kukar da ka zana a hanyar Shika, wadda ka ba ni na rataye a ɗakinmu. Har yau tana gidanmu a ɗakin Baba.

Akwai wani ɗan'uwa da zai taho gida a watan Disamba. Zan ba shi littafi mai hotunan allunan Thomson, da katunan zanen Emily Carr guda huɗu, da kwalin fentin mai da buroshi uku. Katako kuwa, kowane kafinta a Sabon Gari zai yanka maka falle goma daidai tafin hannu biyu, ba zai ci kuɗi ba. Alfarmar da nake nema ita ce allo na farko da ka gama, ko da bai yi maka ba, ka ɗauki hotonsa ka turo mini.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ina yi mata addu'a. Ka gaida maiɗakinka da yara, da mutanen majalisarmu ta ƙofar gida baki ɗaya. Ka kuma gaya mini ko an samu damina mai kyau bana, da yadda masarar gonarka ta yi.

Wassalam.

Naka,
amininka na kullum