A buɗe wa masu zanenmu zaure a jami'a

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana kan matasan da ke zanen zamani a arewacin Kamaru. Suna da hannu ƙwarai. Sai dai yawancinsu a allon shago da jikin mota aikinsu ke ƙarewa, wanda ya yi nasa na kansa kuwa sai ya ɗauki hoto ya sa a Facebook. Wannan yana damuna.

A Duwala, cibiyar doual'art tana baje kolin ayyukan masu fasaha tun kafuwarta a 1991. Mu ma muna da wurin farawa: jami'ar Ngaundare, ta Marwa da aka kafa a 2008, da ta Garwa ta 2022. Kirana shi ne kowacce ta ware zaure guda, ƙofarsa a buɗe ga mutanen gari, shiga kyauta, a riƙa sauya abin da ke bango duk bayan wata biyu.

Kuma kada a tsaya kan ɗalibai kaɗai. Majema da dukawan Marwa, masaƙa, da magina irin masu ɗakunan lakar ƙabilar Musgum na garin Pus, duk malamai ne a fanninsu. A gayyato su su zauna da ɗalibai su yi aiki tare, a rubuta sunan kowa a gefen aikinsa da Faransanci da Fulatanci da Hausa, domin baba dattijo ya san abin da yake kallo. Wanda ya sayar da zane, kuɗin ya shiga hannunsa kai tsaye.

Naku,
Mai karatu daga Marwa