Zuwa ga Aminina, kan Rabin Fuskar nan Taka

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma maganar fuskarka ta tsaya mini a rai. Ka ce in ka yi gudu ko rana ta buge ka, ɓangaren dama yakan ɗau zafi, ya yi ja, gumi na tsattsafowa, na hagu kuwa ya bushe ƙamas, kamar an ja layi daga goshi zuwa haɓa. Don Allah kada ka ce gajiya ce.

Akwai jijiyoyin da ke aiki ba da saninmu ba, su ke buɗe hanyoyin jini na fata, su ke sa gumi ya fito. Masu kula da fuska daga saman lakar baya suke fitowa, su bi ta saman ƙirji da wuya kafin su kai. In suka samu rauni a gefe ɗaya, gefen ya daina ja, ya daina gumi. Ka ga ke nan ɓangaren da ke damunka shi ne mai lafiya, busasshen ne ke da matsala. Masana biyu a Ostareliya, Lance da Drummond, su suka bayyana wannan larura a 1988, ana ce mata Harlequin. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, zafin da gumin su ake lura da su.

Sau da yawa ba a gano sanadi, kuma ba ta da haɗari. Amma wani lokacin ƙari ne a saman huhu ko a wuya yake danne jijiyar, shi ya sa nake so likitan jijiyoyi ya duba ka, a ɗauki hoton wuya da ƙirji. Ka duba madubi kuma: in fatar idonka na hagu ta ɗan sauko, ko baƙin tsakiyar idon ya fi ɗayan ƙanƙanta, ka gaya masa. Haka in an taɓa yi maka tiyata a wuya ko ƙirji.

Ka sa a ɗauke ka hoto daidai lokacin da abin ya taso, don a ɗakin likita fuskar za ta iya komawa daidai.

Ina jiran jin yadda kuka yi. Ka gaida su Umma da yara. Allah ya ƙara lafiya.

Naka amini.