Amsa ga Alhaji kan maganar ƙarin kuɗin gadi

Salam Alhaji, barka da warhaka. Ranar Asabar a wajen mitin ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni wai ni da nake ciyaman ɗin ƙungiyar mazauna unguwar nan me ya hana in ƙara kuɗin gadi kawai in huta, sai jan ƙafa da kiran taro. Hayaniya bata bari na amsa ba, to ga amsar nan kowa ya gani.

Maganarka akwai gaskiya a ciki, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, a 2024 kuma mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, masu gadin nan namu suna ji suna gani, wanda ke get ɗin baya kullum daga Kuje yake tahowa kuma kuɗin mota ke cinye abin da muke bashi. Ƙari dai dole ne.

Amma Alhaji ni ba hakimi bane, bani da dogari. Ƙungiyar nan rajista aka yi mata a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da amintattu da tsarin mulkinta, kuma abin da muka rubuta da hannunmu shine kwamiti na iya taɓa ƙananan abubuwa, kwan fitila, gyaran famfon bohol, amma duk abin da zai shiga aljihun kowane gida sai babban taro. Ko a banki ma sa hannuna ni kaɗai baya fitar da ko sisi sai da na ma'aji. In na sanar da ƙari yau da daddare, gobe rabin layin nan zasu ce ba da su aka yi ba, to me zan musu? In hana mutum shiga gidan da ya saya da kuɗinsa? Wlh sai mu ƙare a kotu. Wanda ya ɗaga hannu a taro ko yana gunaguni zai biya don kunyar maƙwabta.

Sannan 'yan haya, su ke biya duk wata, masu gidajen wasu ma suna Kano ko Kaduna, ya za'ayi a yanke ba'a ji bakinsu ba?

Ma'aji zai kawo rasit da bayanan asusu a mitin na gaba, a duba a kaɗa ƙuri'a. Dan Allah ka zo da wuri, ka taho da maƙwabtanka, don wancan karon rashin cikar adadi ne ya sa aka tashi ba'a yanke komai ba.

Naka,
Ciyaman