Jikana ya tambaye ni ina badala take

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi abin da ya tsaya min a rai tun ƙaramar salla.

Mun dawo daga gaishe-gaishe ni da jikana ɗan shekara tara, muna cikin Adaidaita Sahu, sai wani fasinja ya ce a sauke shi a Ƙofar Na'isa. Yaron ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ƙofar gidan wa ce?" Na ce ƙofar gari ce, ta jikin badala, wato ganuwar birnin Kano. Ya ce, "To ina badalar?" Na nuna masa wani tudun jar ƙasa da ruwa ya zaizaye, leda ta lulluɓe gindinsa, akuya na tsaye a kai. Wallahi kunya ta hana ni ƙara magana.

A Gwale na tashi. Da yamma mukan hau kan badala mu hango Dala da Goron Dutse, mu ga shanu na shigowa gari. Mahaifina magini ne. Na sha ganinsa yana taka ƙasa da ciyawa har ta yi danƙo, ya mulmula tubali ya jera a rana, sannan ya yi yaɓe da makuba, ruwa ya doki bango ya zame. Yakan ce ginin ƙasa kamar dabba yake, in ka daina kula da shi sai ya kwanta. Haka kakanninmu suka riƙe ganuwar nan da aikin gayya, tun daga Sarki Gijimasu da ya fara ta a ƙarni na 12, zuwa Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) da ya faɗaɗa ta. Ko Turawa a 1903 sai da suka sa igwa kafin su shigo ta Ƙofar Kabuga.

Abin da igwa ba ta yi ba, mu muka yi da hannunmu. An ɗebi ƙasarta an yi gini, an yanka filaye a kanta, an jera shaguna. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, waɗanda ke shanye ruwan sama, an cike su, yanzu kowace damina ruwa yana bin mutane har ɗaki. Ita kanta Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka tayar da ta siminti. Ban ƙi titi ba, ni ma ina bin sa zuwa asibiti. Amma ƙofa ba bango, ai ƙyaure ne a tsakiyar fili.

Ta waɗannan ƙofofin fatake suka shigo suka kafa Ayagi da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa. Yaron da bai san badala ba, me zai gane in aka ce masa shi ɗan cikin badala ne?

Roƙona ga hukuma da masarauta, a kewaye ɗan abin da ya rage, a hana ɗiban ƙasa, a nemo tsofaffin magina su yi yaɓe bayan kowace damina, matasa na kama musu suna koyo. 'Yan kaɗan ne suka saura, kuma duk sun manyanta. Ni dai in an kira gayya, ina da kwando da fartanya, kuma da jikan nan nawa zan zo.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Gwale, Kano.