Zuwa Ga Auta, Kan Littafin Da Kika Rubuta

Assalamu alaikum.

Auta, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Takardun da kika aiko sun iso ranar Talata. Dare uku na yi ina karantawa bayan isha'i. Allah Ya yi miki albarka, kin iya tsara zance. Amma tun a shafi na biyar na gane wanda kike nufi, duk da kin sauya masa suna, kin ɗauke gidanmu daga Gwale kin kai Fagge. Yayanki ne. Kin san ɗan fari ne, ba na kama sunansa, a takarda ma ba zan kama ba.

Kin rubuta cewa mugayen abokai ne suka koya masa shaye-shaye a majalisa. Haka ni ma na riƙa gaya wa dangi don in rufe kunyata. A shagon ɗinki ya fara. Goman ƙarshe na azumi, ɗinkin salla ya taru masa, wani ya miƙa masa tiramol don ya kwana a kan keke bai gaji ba. Daga nan sai kodin, wanda a lokacin ake saye a kemis kamar ruwan leda. Sai a watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi, bayan rahoton BBC, lokacin kuwa ya riga ya yi nisa. Na ji a rediyo binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Ki gyara wannan wurin, kada uwar da ɗanta ke sana'a ta saki jiki.

Gidan yarin Kurmawa kuma, inda aka tsare shi, ba ki taɓa zuwa ba, ni na hana, kina 'yar makaranta. Shi ya sa kika cika babin da sarƙa da duhu. Abin da ya zauna a raina shi ne layin mata a bakin ƙofa, kusa da gidan Sarki, kowa da kwanon tuwonta, kowa ta ja hijabi ta rufe fuska kada 'yar unguwarsu ta gane ta. Sai ki ɗanɗana abincin kafin a shigar. Makonnin farko na same shi yana zufa yana rawar ɗari, gaɓoɓi na ciwo, barci ya ƙi zuwa, jiki na neman abin da ya saba. Yana ciki aka sauya sunan wurin zuwa gidan gyaran hali a 2019. A layin nan dai gidan yari muke cewa.

Babin ƙarshe ne ya sa na ɗauki biro. Kin sa ya fito, ya durƙusa, uwar ta fashe da kuka ta ce ta yafe, a shafi na gaba an ɗaura masa aure. Auta, ba haka aka yi ba. Na ce na yafe ranar da ya fito, kuma har zuciyata na faɗa. Amma shekara biyu ina kulle ɗakina, mukulli a haɓar zani. Duk sanda na taɓa kunnena sai in tuna 'yan kunnen gwal ɗin da na gada wajen Inna, waɗanda ya sayar. A wata na biyar ya koma sha. Babanku ya ce ya bar masa gida. Limamin unguwa ne ya zaunar da shi, ya tuna masa hadisin mutumin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda giya, wani ya la'ance shi, Manzo ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da ManzonSa. Washegari babanku da kansa ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Aka haɗa magani da addu'a, wata da watanni.

Kin san ranar da yafiyar ta kai ƙasa? Wata Asabar na ba shi kuɗin adashe ya kai wa uwar adashe a Mandawari. Sai da gari ya waye na tuna ban dubi agogo ba, ban kira matar na tambaya ko sun isa ba. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar fitowarsa. Wannan ranar nake so ki rubuta, tare da komawarsa sha, don akwai uwar da za ta karanta littafinki ɗanta ya sake faɗuwa, kada ta ɗauka nata ne kaɗai ya gagara.

Sannan kada ki saki ko shafi ɗaya a WhatsApp sai ya karanta ya amince. Yanzu yana da shago, yana da yara huɗu masu koyon ɗinki, ga maganar aurensa ta taso. Asirinsa ne. In ya ce a'a, ki adana takardunki a akwati ba tare da fushi ba.

Yana zuwa cin tuwo ranar Juma'a bayan masallaci. Ba zan nuna masa komai ba, ke za ki kira shi da bakinki. Na ba direba kuka da daddawa ya kawo miki. Ki gaishe da maigidanki, ki shafa min kan yara.

Ummanki